Babur a Ɗakin Hatsi

Talata, 7 ga Agusta 2001, bayan la'asar

Yau Musaddiq ya turo mini babur har cikin ɗakin hatsi. Na rubuta sunansa ne don takarda ba ta da kunne. Ɗana ne na fari, a baki "Yayansu" nake ce masa. Babur ɗin ba nasa ba ne, na wani Alhaji Audi ne mai fataucin shanu daga Mashi. Injinsa ya buga, ya bar wa Musaddiq ya nemo wani injin ya ɗora masa, shi kuma ya haye Nijar sai ƙarshen wata. Garejin nasu rumfa ce kawai a gindin dalbejiya, ba ƙofa ba kwaɗo, ga ruwan sama kullum.

Na ce masa, "Gidan ubanka ne ya koma gareji?"

Ya ce, "Umma, amana ce. Kwana uku kawai."

Ya cire tayar baya ya tafi da ita gyara, ya ɗora babur ɗin kan bulo biyu, ya lulluɓa masa buhu. Na so yaron nan ya gama sakandare kamar yadda na gama, ya zaɓi sifana. Tun rasuwar mahaifinsu nake faɗa, ba a ji. Yaran yanzu ba sa tambaya, sai dai su sanar da kai abin da suka riga suka yanke.

Alhamis, 9 ga Agusta, da hantsi

Baƙin mai yana ɗiga daga cikin abin nan, ya kusa kai wa ga buhun gero. Warin fetur kuma ya kama ɗakin, har kunun safe sai da na ji shi a ciki. Kullum ina gaya wa matan da nake koya wa karatu a Islamiyya cewa tsabta ba ado ba ce, addini ce. Ba zan faɗa a can in saɓa a gidana ba.

Na ɗaga buhun. Injin kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu. Na kawo kananzir da toka da yashi da soson ƙarfe, na zauna masa. Abin da ya fi ba ni wahala wani rubutu ne da aka zana da rawayan fenti a gefen hagu, irin ƙazantar 'yan kasuwa. Sai da farcena ya karye, amma ya fita. Yanzu yana ƙyalli kamar sabon kwano. Na mayar da buhun, na ajiye tsohuwar tasa a ƙasa tana tarar ɗigon. Ba zan gaya masa ba, bari ya gani da idonsa ya ji kunya.

Asabar, 11 ga Agusta, bayan azahar

Sun zo. 'Yan sanda biyu da mai unguwa da wani dattijo mai suna Malam Hussaini, malamin firamare, riƙe da takarda a cikin leda. An ɓalle ƙofar zaurensa watanni biyu da suka wuce an ɗauke masa babur. Tun daga ranar yake bin gareji-gareji yana karanta lambar inji. Ranar Litinin ya ga lambarsa a garejin su Musaddiq, a jikin injin da ke ajiye a ƙasa kafin a ɗora shi.

Suka ɗaga buhun, suka haska da tocila, Malam Hussaini yana karantawa daga takarda, ɗan sanda yana bi da yatsa. Ba harafi ɗaya da ya saɓa. Ɗan sandan ya shafa gefen injin ya ce da ɗan'uwansa, "Kai, nan ya sha gurza."

Ba taya, ba su zo da mota ba, ga hadari ya taso. Suka bar shi a hannuna, na sa hannu a takarda cewa ba mai taɓa shi sai kotu ta nema.

Na ce, "Ina yaron?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana wajensu tun safe, Malama."

Asabar, gab da magariba

Ba a ci abincin rana ba. Yana nan a rufe.

Lahadi, 12 ga Agusta, da yamma

Mun je ofishin 'yan sanda ni da Raihana ƙanwarsa, wadda ke aure a Kusugu. Ita ce ta yi maganar, ni na tsaya daga baya. Ya ɗan rame a kwana ɗaya, amma dariya yake yi.

Ya ce, "Ke Raihana, share hawayen nan, kamar an ce miki na mutu. A kasuwar Kongolam ta bakin iyaka na sayo injin, wajen Badaru. Ba a ba da rasit a can, amma duk injin da ya fito daga hannunsa sai ya rubuta masa B da lamba da rawayan fenti a gefen hagu. Fentin nan shi ne rasit. Duk bakaniken Daura ya san shi. Su duba kawai."

Ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Umma, kin ji ko? Ki kwantar da hankalinki."

Na ce na ji.

A hanya Raihana ta yi ta godiya ga Allah har muka iso gida. Ni ina biye da ita, ina duban farcena da ya karye.

Litinin, 13 ga Agusta, da safe

Na shiga ɗakin hatsi. Na ɗaga buhun. Na mayar.

Laraba, 15 ga Agusta, bayan la'asar

An kai shi kotun Shari'a, an karanta ƙara, an ɗaga sai ashirin da bakwai ga wata. An wuce da shi gidan yari. Kalmar da aka karanta ba zan rubuta ta ba. Kowa ya san hukuncinta yanzu, kowa ya ji abin da aka yi a Zamfara bara a kan saniya.

Adama maƙwabciyata ta shigo jaje, ta zauna kan turmi ta ce, "Oh ni, Malama. Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ke ce kika fi kowa kabbara a layin nan, har kika ce da mu yanzu kowa ya kama ɗansa, wanda ya miƙa hannu ya ga abin da zai gani. Ashe, ashe."

Na ce, "Na faɗa, kuma ban janye ba. Hukuncin Allah ba ya duba gidan da mutum ya fito."

Ta ce, "Haka ne. Ni dai hannun dama na ji ana cewa ake farawa da shi. Shi kuwa da na dama yake riƙe sifana ko?"

Na tashi na ɗora ruwa a wuta, ba don ina da abin dafawa ba. Maganar da na gaya mata gaskiya ce. Na maimaita ta a raina sau da yawa bayan ta tafi, ba ta zauna ba.

Juma'a, 17 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Raihana ta kai masa abinci ta dawo da saƙo. Mutum yana inda yake, amma saƙonsa duk na babur ne. Wai a murɗa famfon mai a rufe shi, kada kafireta ta cika ta yi ta tsiyaya. A cire wayar batir ɗaya, kada ya mutu. A toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, yana shiga ya yi gini da laka. A ɗaga buhun gero daga kusa da shi, don ɓera in ya zo hatsi sai ya zarce wa wayoyi. Tayar gaba kuma kada a bar ta kan danshi. "Ki ce wa Umma amanar Alhaji Audi ce, kada ya dawo ya tarar da gawa."

Na sa hannu cewa ba zan taɓa ba. Na rufe famfon, na toshe salansar, wayar batir ce ta gagare ni. Wannan ba taɓawa ba ce, kiyayewa ce. Haka na gaya wa kaina.

Raihana ta ce, "Umma, bari in ga rubutun nan na Badaru, in ji daɗi."

Na ce, "An hana. Fita mini daga ɗaki." Na daka mata tsawar da ban yi mata ba tun tana budurwa. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta.

Asabar, 18 ga Agusta, da hantsi

Ɗigon ya ragu. Ɓera ya ci gefen kujerar, soso ya fito.

Litinin, 20 ga Agusta, bayan azahar

Malam Maharazu, maigidan Musaddiq a gareji, ya yi sallama a zaure. Shi ya koya masa aiki shekara bakwai. Ya je Kongolam jiya ya sami Badaru a rumfarsa.

Ya ce, "Malama, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce bai san wani Musaddiq ba. Na ce yaron da kake ce wa Ɗan Daura, kuna shan shayi tare? Ya ce 'yan Daura da yawa suke. Wai a kawo injin, in da fentinsa a jiki nasa ne, zai faɗi wanda ya sayar masa. In babu, kada a sake zuwa masa rumfa." Ya yi tsaki. "Yana tsammanin an goge, don wasu yaran suna fesa wa inji fentin azurfa ya zama kamar sabo. Bai san nawa yaron ba ya yi. Na hana su tun suna ƙanana. Ka goge shaidar ɗan kasuwa, ka goge kanka. Ranar kotu zai sha mamaki."

Na ce Allah ya saka da alheri. Na ce a gaida gida.

Talata, 21 ga Agusta, da safe

Ban je Islamiyya ba. Darasin yau a kan shaidar zur ne. Na aika cewa kaina yana ciwo, kuma yana yi.

Laraba, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Na je bakin tasha da kaina, na ja hijabi har gira. Ƙaramin gwangwani na saya, da buroshi siriri. Mai shagon ya ce, "Hajiya, rawaya? Gadon jariri za a shafa?" Na ce eh. Shekara nawa rabona da ƙarya, ban sani ba, amma ta fito sumul kamar tana jira a bakin ƙofa.

Na gwada a kan murfin tsohuwar tukunya. B ɗin ya fito da kyau, kyau ma ya yi masa yawa, rubutun 'yar makaranta ne, na Badaru kuwa a karkace yake kamar an yi shi a guje. Lambar ce ta tsayar da ni. Sha huɗu ce ko arba'in da ɗaya? Na yi rabin yini ina gurzar ta, ban tsaya na karanta ba.

Na rubuta duka biyun a murfin, na zauna ina kallonsu.

Alhamis, 23 ga Agusta, da hantsi

Gwangwanin yana bayan randa. Ban taɓa injin ba.

Alhamis, bayan azahar

Ban taɓa shi ba.

Asabar, 25 ga Agusta, da yamma

Na aika a kira Malam Maharazu. Na ce ya shigo har ciki, a matsayin uba yake. Na kai shi ɗakin hatsi na ɗaga buhun. Ya durƙusa. Ya shafa wajen da tafin hannu, ya sake shafawa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni."

"Da me?"

Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Innalillahi. Malama, inji ne fa, ba tukunyar tuwo ba."

Na ɗauko gwangwanin na ajiye a gabansa. Na ce ya san hannun Badaru, ya fi ni sanin yadda yake karkata harafin. Ni da nake hana mata ƙara gishiri a labari, ni na ce da dattijo haka.

Ya ture shi da ƙafa. Ya ce, "Sabon fenti kwana goma yana wari, kuma a kan ƙarfen da aka gurza daban yake kwanciya. 'Yan sanda sun ga wajen nan a goge, ko ba su gani ba? Yau ana zarginsa, in aka ga wannan an tabbatar. Da hannunki za ki miƙa musu nasa." Ya mayar da hular. "Abu ɗaya ya rage. Ki tashi a gaban alƙali ki faɗa."

Na ce, "A gaban jama'a? Ga ɗalibaina, ga su Adama. Kuma ɗan fari ne, za a ce Haulatu ta rasa kunya ta je tana kare ɗanta."

Ya ce, "To ki zaɓa, Malama. Ni dai biyu na gani a gabanki, kunyarki da hannunsa."

Lahadi, 26 ga Agusta, bayan magariba

Na gaya wa Raihana. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Sati biyu, Umma. Sati biyu yana can yana cewa fenti zai fitar da shi." Ta share tsakar gida ba a sa ta ba, ta tafi.

Na zuba fentin a masai. Na tambayi kaina ko tsoron Allah ne ya hana ni ko mantuwar lamba. Na san amsar, ba ta yi mini daɗi ba.

Litinin, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Da sassafe aka zo da a-kori-kura aka ɗauki babur ɗin. An ajiye shi a gaban alƙali a kan bulo, kamar yadda yake a ɗakina. An kawo Badaru, gajere, mai yawan murmushi. Ya zagaya injin sau ɗaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina fentina?"

Musaddiq ya ce, "Gefen hagu." Aka ba shi dama ya matso. Na ga fuskarsa lokacin da ya duba. Ya sake dubawa ta dama, kamar ya manta hagunsa. Mai gabatar da ƙara ya ce kotu ta lura, an gurje wajen da gangan, kuma ba mai gurje shaida sai wanda ya san abin da ya ɗauko. Na ga Musaddiq ya sa hannunsa na dama a cikin aljihu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Alƙali ya ce wace ce. Na ce uwarsa. Ya ce uwar wa, a kotu suna ake kira. Na ce, "Musaddiq." Yaron ya juyo. Bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba.

Na faɗi komai, ranar da sa'ar da abin da na gani a rubuce. Alƙali ya ce da me na goge. Na ce kananzir, toka, yashi, soson ƙarfe. Dariya ta tashi daga bayan kotu har sai da aka tsawatar. Wani ya ce, "Saura a ɗora miya." Alƙali ya ce me ya sa na yi. Na ce yana ɗiga mini mai kusa da gero. Ya ce me ya sa ban faɗa ba tun ranar da aka kama shi. Na ce tsoro, da girman kai. Na faɗi na gwangwanin ma, ba a tambaye ni ba. A nan dariyar ta tsaya.

Badaru ya ce uwa ce, me ba za ta faɗa ba. Alƙali ya ce gaskiya ne, maganar uwa a kan ɗanta ba ta tsayawa ita kaɗai. Sai Malam Maharazu ya nemi izini. Ya ce Badaru a tsaye yake shafa fenti, kuma da yawa yake ɗiba. In an yi sa'a ya gangara cikin tsagar murfin sarƙa, inda soso ba ya shiga. Alƙali bai yarda shi ya buɗe ba, tun da maigidan yaron ne. Aka kira wani bakanike daga bakin titi, aka jira shi kusan rabin sa'a. Noti uku ne. Na ukun ya yi tsatsa, ya ƙi. Aka ɗiga masa mai, aka jira. Ina jin kowane juyi a cikin haƙorana.

Da murfin ya fita, alƙali ya sauko da kansa ya duba. Layi ne siriri, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya bushe a bakin ƙarfen. Rawaya.

Badaru ya ce rawayan fenti ba nasa ne shi kaɗai ba a duniya. Alƙali ya ce haka ne, kuma za a zo kan wannan, ya zauna kada ya yi nisa. Ya ce ba wanda ya ga yaron a zauren Malam Hussaini, yaron bai amsa laifi ba, ga kuma wannan. Ba a tsayar da haddi a kan shakka. Ya ba da belinsa a hannun Malam Maharazu, sai an cika takardu gobe. Injin zai zauna a kotu. Malam Hussaini ya ce shi ba hannun kowa yake nema ba, babur ɗinsa yake nema, da ƙafa yake zuwa makaranta.

Da za a fita da Musaddiq bai dube ni ba.

Talata, 28 ga Agusta, da hantsi

Ba su zo ba tukuna. Na share ɗakin hatsi. Tabon man ya ƙi fita daga daɓen, na bar shi.

Talata, bayan la'asar

Ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa, Raihana na biye da shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa kamar daga gareji ya dawo. Ya zauna a bakin tabarma. Raihana na ta buga kwanuka a madafi.

Can ya ce, "Umma, kin rufe famfon man?"

Na ce na rufe.

"Salansa fa?"

Na ce na toshe, batir ne ya gagare ni.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba komai, wannan ana cajinsa." Sannan ya ce, "Alhaji Audi zai dawo ya tarar da babur ba inji, ba kujerar kirki. Ni zan san abin da zan gaya masa. Amma Umma, don Allah, in kin sake ganin abu ya yi datti a ɗakin nan, ki bari in dawo."

Na shirya maganganu da yawa tun jiya, a kan sayen kaya ba takarda, a kan zama da irin su Badaru. Suna nan, zan yi su wata rana, don gaskiya ne. Yau ce masa na yi ga tuwo nan, ya matso.

Raihana ta kawo buta za ta ajiye masa, na karɓa daga hannunta. Ban taɓa zuba masa ruwa ba tun da ya iya tafiya. Ya dube ni, ya miƙo hannuwansa biyu a kan tasa. Na zuba, yana cuɗa ɗaya da ɗaya, tafi da baya, tsakanin yatsu. Ya ce, "Ya isa, Umma." Na ci gaba da zubawa har butar ta ƙare.